Koya wa Mota Gani da Ɗigogin Laida: Daga Fayil na Farko Zuwa Gwajin Titi

Wanda ya saba aiki da hotuna, ranar da ya fara buɗe abin da na'urar laida, mai auna nisa da hasken leza, ta ɗauko sai ya ɗan yi turus. Babu launi, babu fuska, babu rubutun jikin mota. Ɗigogi ne barjat a cikin baƙin sarari, kamar an watsa gero a tsakar gida, a ƙasa kuma ga wasu da'irori suna kewaye da juna. Sai ka kama linzami ka juya su sannan za ka ga ashe wannan tarin rabin mota ne, wancan siririn kuma mutum ne a tsaye. Aikinmu a nan shi ne mu koya wa kwamfuta ta yi wannan ganewar da kanta, ta zana akwati a kan kowace mota, kowane mai tafiya a ƙasa da kowane mai keke, kuma ta gama kafin ƙiftawar ido.

Na ɗauka ka iya Python, ka kuma taɓa horar da ragar jijiyoyin kwamfuta ko da sau ɗaya ne. Za mu bi tsarin PointPillars a kan kundin bayanai na KITTI. An wuce PointPillars a wajen daidaito tuntuni, amma har yau ban ga wanda ya fi shi sauƙin fahimta ga mai farawa ba, kuma katin GPU ɗaya ya ishe shi.

Abin da na'urar ke ba ka

Na'urar da ake rubuta sunanta LiDAR, a baki a ce laida, tana harba hasken leza ne ta jira dawowarsa. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka abin da ke nisan mita 50 haskensa zai je ya dawo cikin kashi ɗaya bisa miliyan uku na daƙiƙa. Daga wannan lokacin ake samun nisa, daga kusurwar da aka harba kuma ake samun wuri. Kowane harbi ɗigo ɗaya ke nan.

Wadda aka ɗauki bayanan KITTI da ita, Velodyne HDL-64E, tana da leza 64 a jere daga sama zuwa ƙasa, tana juyi sau 10 a daƙiƙa. Ta yi suna ne a gasar motoci marasa direba ta hukumar binciken tsaro ta DARPA ta shekarar 2007 a Amurka. Kowane juyi yana fitar da ɗigo kimanin 120,000. Adadin kamar mai yawa, amma ka yi lissafin nan tun yanzu, don shi zai riƙa bin ka har ƙarshen aikin: tazarar da ke tsakanin leza da leza kusan digiri 0.4 ce. A nisan mita 50 wannan tazara ta zama santimita 35. Mutum mai tsayin mita 1.7 layi biyar kawai zai same shi, kowane layi ɗigo uku ko huɗu. Wato da ɗigo ƙasa da ashirin za a ce raga ta bambance ɗan Adam da turken fitila. Motar da ke kusa kuwa tana iya samun ɗigo dubbai.

Mataki na 1: Tara kayan aiki

Cibiyar Fasaha ta Karlsruhe a Jamus da Cibiyar Fasaha ta Toyota da ke Chicago ne suka fitar da KITTI a 2012, bayan sun zaga garin Karlsruhe da kewayensa da wata Volkswagen Passat mai ɗauke da kyamarori da laida. Sashen gano abubuwa yana da ɗauka (juyin laida ɗaya da hotonsa) 7,481 masu lakabi, da wasu 7,518 na jarrabawa waɗanda aka ɓoye amsarsu. Abu huɗu za ka sauke: ɗigogin laida, hotunan kyamarar hagu, fayilolin lakabi da fayilolin saiti. Ɗigogin kaɗai sun kai gigabait 29, don haka ka nemi inda intanet ke da ƙarfi, ko ka sauke su kai tsaye cikin Google Colab ko Kaggle ba tare da sun biyo ta wayarka ba.

Wajen manhaja, ka girka PyTorch, da Open3D don kallon ɗigogi, da OpenPCDet wanda ke ɗauke da PointPillars a shirye. MMDetection3D ma zai yi. Inda ake shan wahala shi ne daidaita sigar CUDA da ta PyTorch da ta spconv, manhajar da OpenPCDet ke dogaro da ita. Ka duba wace CUDA ce aka gina PyTorch ɗinka da ita, ka girka spconv mai irin wannan lambar, ka huta.

Mataki na 2: Ka gani da idonka kafin raga ta gani

A nan zan daɗe, domin mafi yawan aikin da ya lalace a nan ya lalace, sai dai mai shi bai sani ba sai bayan kwana da kwanaki.

Kowane fayil na laida jerin lambobi ne tsura, huɗu ga kowane ɗigo: x, y, z da ƙarfin hasken da ya dawo. Layi ɗaya ke buɗe shi:

`digo = np.fromfile("000000.bin", dtype=np.float32).reshape(-1, 4)`

A tsarin laida, x gaba ne, y hagu, z sama. Na'urar tana bisa rufin mota, mita 1.73 daga ƙasa, saboda haka kwalta za ka same ta a wajen z = -1.73, ba a sifili ba.

To ba a nan gizo ke saƙar ba. Lakabin KITTI ba da tsarin laida aka rubuta shi ba, da na kyamara ne, inda x dama ne, y ƙasa, z gaba. Buɗe fayil ɗin lakabi na farko, 000000.txt, za ka ga layi ɗaya tak na wani mai tafiya a ƙasa. Lambobi bakwai na ƙarshe su ne namu: 1.89, 0.48, 1.20, sai 1.84, 1.47, 8.41, sai 0.01. Ukun farko tsayi, faɗi da tsawon akwatin ne, a wannan jerin, ba tsawo ne farko ba kamar yadda hannu ya saba rubutawa. Ukun da ke biye wurin da yake ne: mita 1.84 ta dama, 1.47 ƙasa da kyamara, 8.41 a gaba. Ta ƙarshe kusurwar da ya fuskanta.

Don mayar da akwatin zuwa tsarin laida, za ka ɗauko R0_rect da Tr_velo_to_cam daga fayil ɗin saiti, ka haɗa su, ka juya haɗin baya, ka ninka wurin da shi. Kusurwa kuma sai ka ƙara mata π/2 ka sauya alamarta. Saura tarko ɗaya: wurin da aka rubuta ba tsakiyar akwati ba ne, tsakiyar gindinsa ne, inda taya ke taɓa ƙasa. Dole ka ɗaga z da rabin tsayi.

Wannan rabin tsayin ya taɓa cinye mini kwana biyu. Na rubuta nawa mai karanta lakabin, na manta da shi, na kunna horarwa na tafi. Ma'aunin kuskure yana sauka lafiya lau, ina ta murna. Da na zo aunawa da lakabin asali, sakamakon kallon sama ya yi kyau, amma na akwati mai fuska uku ya kusa sifili. Na zargi saurin koyo, na zargi katin GPU, har na sake girka komai. Sai da na zana akwatunan a kan ɗigogin na ga kowace mota rabin akwatinta ya nutse cikin kwalta, rufinta a waje. Ragar ba ta yi laifin komai ba. Abin da na koya mata ta kawo mini.

Saboda haka kada ka wuce wannan mataki sai ka zana akwatunan ɗauka ashirin ko talatin a Open3D, ka juya su ta sama da ta gefe. Ka sa kibiya a gaban kowane akwati don ka tabbata hancin mota take nunawa. Sannan ka jefa ɗigogin a kan hoton kyamara da P2, wanda shi ma yana cikin fayil ɗin saiti, ka ga ko sun hau jikin motocin daidai. Gani ya kori ji.

Abu na ƙarshe a nan: abin da kyamarar gaba ta hango kaɗai aka yi wa lakabi, alhali laida tana ganin ko'ina. In ka bar ɗigogin gefe da na baya, motocin da ke can ba su da lakabi, raga kuma za ta ɗauka kana cewa ba motoci ba ne. Yanke su. Abin da zai rage bai fi ɗigo 20,000 ba.

Mataki na 3: Raba bayanai

Kada ka raba su da ƙuri'a. Ɗaukar KITTI daga tafiye-tafiye masu ci gaba aka tsamo su, mota ɗaya a titi ɗaya tana iya fitowa sau da yawa. Rabon ƙuri'a zai sa ta bayyana a darasi da kuma jarrabawa, ragar ta yi hadda ka ɗauka fahimta ce. Yi amfani da rabon da kowa ke bi, 3,712 na horarwa da 3,769 na gwaji, wanda aka tsara yadda tafiya ɗaya ba za ta faɗa ɓangare biyu ba. Da shi ne kuma za ka iya kwatanta sakamakonka da na wasu.

Mataki na 4: Jera ɗigogin yadda raga za ta iya haɗiya

Hoto yana da tsari: layi-layi, gurbi-gurbi, kowane gurbi ya san maƙwabcinsa. Ɗigogin laida ba su da wannan. In ka hautsina jerinsu a cikin fayil, titin bai sauya ba. Yawansu ma yau daban gobe daban. Matatun da ke bin hoto gurbi bayan gurbi, waɗanda masu fannin ke kira konboluson, ba su da abin kamawa a nan.

Masu bincike a Jami'ar Stanford, Charles Qi da abokan aikinsa, suka kawo mafita a 2017 da PointNet. Dabarar ba ta da wuya: a wuce da kowane ɗigo shi kaɗai ta cikin ƙaramar raga iri ɗaya, a sami jerin siffofi, sannan a kowace siffa a ɗauki lamba mafi girma a cikin dukkan ɗigogin. Mafi tsayi a cikin taro shi ne mafi tsayi ko ta wane gefe ka fara ƙirga, don haka hautsina jeri ba ya sauya amsa.

A ƙarshen shekarar, Yin Zhou da Oncel Tuzel na kamfanin Apple suka fito da VoxelNet: a yanka sarari zuwa ƙananan kwalaye, a sa ɗan ƙaramin PointNet cikin kowane kwali, a bi su da matatu masu fuska uku. Ya yi aiki, amma da nauyi, domin kusan duk kwalayen iska ce a ciki, kwamfuta na ta lissafin wofi. SECOND, daga Jami'ar Chongqing ta Sin a 2018, ya gyara wannan da matatun da ke tsallake kwalin da babu komai. Spconv ɗin da ka girka daga nan ya samo asali.

Sai Alex Lang da abokansa a kamfanin nuTonomy suka ce, me ya kai mu yanka ta tsaye? Motoci ba sa hawa kan juna. A shata ƙasa kamar daren dara, kowane gurbi ya zama ginshiƙi daga ƙasa har sama. Wannan shi ne PointPillars, wanda aka gabatar a 2019, kuma suka ruwaito yana sarrafa ɗauka 62 a daƙiƙa.

Ga yadda za ka yi shi. Iyakance fili: gaba daga 0 zuwa mita 69.12, gefe daga -39.68 zuwa 39.68, tsaye daga -3 zuwa 1. Waɗannan lambobi masu ɓurɓushi ba don ado ba ne. Faɗin ginshiƙi mita 0.16 ne, kuma in ka raba za ka sami gurbi 432 sau 496 cif, lambobin da ke rabuwa biyu sau da dama ba saura, abin da matatun gaba ke buƙata. In ka sauya iyakar fili ba ka kula da wannan ba, kuskuren rashin daidaiton girma zai tare ka tun a zagayen farko. Jimillar gurabun 214,272 ne, amma waɗanda ke da ɗigo a ciki dubu shida zuwa tara ne kawai. Su kaɗai ake yi wa lissafi.

Kowane ɗigo ana ƙara masa bayani: ban da lambobinsa huɗu, sai nisansa daga matsakaicin ɗigogin ginshiƙinsa ta fuska uku, da nisansa daga tsakiyar ginshiƙin ta fuska biyu, tara ke nan a tsarin asali. Ana ƙayyade yawan ɗigo a ginshiƙi, a OpenPCDet 32 ne. Wanda ya haura a zubar da rarar, wanda bai kai ba a cike da sifili. Ƙaramin PointNet ya taƙaita kowane ginshiƙi zuwa lambobi 64, a mayar da su gurbinsu. Abin da ya fito hoto ne na kallon shirwa, titi daga sama, mai shimfiɗa 64 a madadin launi uku. Daga nan duk wata dabara ta hoto ta halatta.

Wannan kallon sama yana da wata fa'ida da kyamara ba ta da ita. Mota mai tsawon mita huɗu gurbi 25 take ci, ko tana kusa ko tana nesa. Ɗigoginta ne ke raguwa, girmanta na nan.

Farashin da ake biya shi ne bayanin tsaye ya dunƙule. Shi ya sa PointPillars ya fi rauni a kan mutane, waɗanda duk faɗinsu ginshiƙi uku ko huɗu ne.

Mataki na 5: Abin da raga za ta faɗa, da yadda ake tsawata mata

Ba a barin raga ta ƙago akwati daga babu. Ana dasa akwatunan kwatance a ko'ina cikin filin, ita kuma ta ce wanne ne ke da abu a ciki, kuma nawa za a matsar da shi ko a faɗaɗa shi ya dace. Na mota tsawonsa mita 3.9, faɗi 1.6, tsayi 1.56. Na mai tafiya a ƙasa 0.8 da 0.6 da 1.73, na mai keke 1.76 da 0.6 da 1.73. Kowanne iri biyu, miƙe da gicciye. A taswirar da aka rage zuwa rabi, wato 216 sau 248, akwati shida a kowane gurbi, ka sami 321,408. Motocin gaske a ɗauka ɗaya kuwa da ƙyar su wuce goma.

Ka ga matsalar. Ragar da ta ce "babu komai" a ko'ina ta ci kusan ɗari bisa ɗari. Maganinsa ma'aunin kuskure mai rage nauyin amsoshi masu sauƙi, ya mai da hankali kan masu wuya, da alfa 0.25 da gama 2. Bar su yadda suke.

Don sanin wane akwatin kwatance ne na wace mota, ana auna IoU, wato inda akwati biyu suka haɗu a raba da duk filin da suka mamaye tare. Ga mota, daga 0.6 zuwa sama an ɗauke shi nata, ƙasa da 0.45 fili ne, na tsakani a ƙyale shi. Ga mutane da masu keke 0.5 da 0.35.

Kusurwa tana da nata rikicin. Akwatin da aka juya digiri 180 akwati ɗaya ne, amma in lamba za a cire daga lamba, sai a ce ragar ta yi babban kuskure. SECOND ya warware wannan da auna sain (sine) na bambancin kusurwa, wanda ke zama sifili a duka biyun. Sai dai hakan ya sa raga ba ta san gaba da baya ba, don haka aka ƙara ɗan reshe da zai ce gaba ko baya. Kada ka raina shi don nauyinsa 0.2 ne kawai a lissafin kuskure, alhali na wuri 2 ne, na nau'i 1. Motar da ke tahowa da wadda ke tafiya ba ɗaya ba ne ga mai tuƙi.

Akwai hanyar da ta watsar da akwatunan kwatance gaba ɗaya. CenterPoint, daga Jami'ar Texas da ke Austin a 2021, yana neman tsakiyar abu ne a taswirar sama, daga nan ya faɗi girma, kusurwa har da gudu. A mararraba da kwana, inda motoci ke fuskantar ko'ina, ya fi dacewa. In ka gama da wannan jagorar, shi zan ce ka koma.

Mataki na 6: Ƙara wa bayanai auki

Ɗauka 3,712 ba su taka kara sun karya ba. Dabarar da ta fi kowace tasiri ita ce dashe: a bi duk bayanan horarwa a yanko ɗigogin kowace mota, mutum da mai keke tare da akwatinsu, a adana a rumbu. A lokacin horarwa sai a ɗebo wasu, a OpenPCDet har 15 na kowane nau'i, a dasa su cikin wata ɗaukar, a cire duk wanda ya hau kan wani. A hoto irin wannan aikin sai an ga ɗinki, amma a ɗigogi abin yana zama daram. Ka sauke fayilolin shimfiɗar titi don dashen ya zauna a ƙasa, in ba haka ba za ka ga mota tana lilo a iska inda titi ya gangara. Bayan dashe sai a kifa filin hagu zuwa dama, a juya shi tsakanin digiri -45 da 45, a ƙara ko rage girmansa da kashi biyar cikin ɗari. Duk abin da ka yi wa ɗigogi ka yi wa akwatuna, har da kusurwarsu, kuma ka sake zanawa ka duba.

Mataki na 7: Horarwa

Wannan shi ne mafi sauƙi. Ka fara gudanar da create_kitti_infos ya gina jadawali da rumbun dashe, sannan daga cikin babban fayil na tools:

`python train.py --cfg_file cfgs/kitti_models/pointpillar.yaml`

Zagaye 80 ne a saitin da ya zo da shi. A kati ɗaya ka ba shi dare guda ko fiye. Kafin ka sake shi, gwada shi a kan ɗauka goma kawai, ba dashe ba juyi. In ya kasa haddace goma, akwai ɓaraka a bututun bayanai, kuma zagaye dubu ba za su toshe ta ba. Ka kuma riƙa adana matsayi bayan kowane zagaye, saboda ɗaukewar wuta ko yankewar Colab.

Mataki na 8: Tankaɗe da awo

Raga takan fitar da akwati da yawa a kan mota ɗaya. Sai a zubar da masu maki ƙasa da 0.1, a jera sauran, a ɗauki mafi maki, a share duk wanda ya hau kansa, a ci gaba. Tunda abubuwa biyu ba sa zama wuri ɗaya a kallon sama, ana iya tsananta wannan tankaɗen fiye da na hoto.

KITTI na karɓar mota in IoU ya kai 0.7, mutum da mai keke 0.5. Wannan 0.7 ɗin ba wasa ba ne. Ko girma da kusurwa sun yi daidai, gocewar santimita 29 ta gefe a mota mai faɗin mita 1.6 ta isa ta kayar da akwatin. Rabin tsayin da na manta kuwa ya mai da IoU ɗina kashi ɗaya bisa uku. An kasa abubuwa gida uku, mai sauƙi, matsakaici da mai wuya, bisa girmansu a hoto da yadda aka kare su, kuma da matsakaici ake jera gwanaye. In komai ya tafi daidai za ka ga maki wajen 77 cikin ɗari a mota, wajen 52 a masu tafiya a ƙasa. Ka lura da wane awo kake karantawa: tun Oktoban 2019 KITTI ta koma auna maki a wurare 40 maimakon 11, lambobin biyu kuma ba a gwama su.

Mataki na 9: Bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya

Lamba ɗaya ba ta gaya maka inda ragar ke makancewa. Raba sakamakon bisa nisa: ƙasa da mita 20, zuwa 40, da abin da ya wuce. Za ka ga yadda yake zubewa, kuma lissafin ɗigo ashirin ɗin nan zai dawo maka. Sannan ka zauna ka kalli ɗauka hamsin mafi muni. Turaku da ƙananan bishiyu za su zama mutane, shinge da kwandon shara su zama motoci. Baƙar mota da jiƙaƙƙen titi suna shanye haske, gilashi kuma leza ratsa shi take yi.

Sai babbar tambaya: in an kai ragar wani gari fa? Wani bincike da masana na Jami'ar Cornell suka jagoranta a 2020 ya gwada horarwa a Jamus da aunawa a Amurka, sakamakon ya faɗi warwas, kuma babban dalilin girman mota ne. Matsakaiciyar motar KITTI ba ta kai mita huɗu ba, ta bayanan kamfanin Waymo na Amurka kuwa ta haura huɗu da rabi. Ragar tana ganin motar sarai, amma tana ɗinka mata rigar Bajamushiya. Sauya na'ura ma haka: kundin bayanai na nuScenes, da aka ɗauka a Boston da Singafo aka fitar a 2019, laidarsa leza 32 gare ta, shi ya sa ake tara juyi goma a haɗa kafin a ba raga.

In mota da mota sun yi haka, ka ƙiyasta titin da ke cike da adaidaita sahu, babur mai goyon mutum biyu da buhu, kura, da garken shanu. Babu ko ɗaya daga cikinsu a nau'o'i ukun da ka horar. Wanda ke son ragarsa ta yi aiki a irin wannan titi ba shi da makawa sai ya ɗauki nasa bayanan, ya yi musu lakabi, ya auna matsakaicin girman kowane nau'i ya mai da shi akwatin kwatance, sannan ya ɗora horarwa a kan ragar da ta riga ta koyi KITTI. Ƙura kuma, irin hazon hunturu, abin da hazo da dusar ƙanƙara ke yi wa laida a Turai shi take yi: tana mayar da haske tun bai isa ba, sai ɗigogin ƙarya su taru kusa da na'ura, na nesa su ɓace. Ana rage su da share ɗigon da ba shi da maƙwabta, amma faɗin da'irar neman maƙwabtan dole ya ƙaru da nisa. In ka sa shi ɗaya ko'ina, mutumin nan mai ɗigo ashirin shi za ka fara sharewa.

Mataki na 10: Lokaci, da abin da ke bayan akwati

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a daƙiƙa. Juyin laida ɗaya, kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kusan mita uku ke nan. Abu biyu ke fitowa daga nan. Ɗigon farkon juyi da na ƙarshensa ba a wuri ɗaya aka ɗauke su ba, don haka in bayananka ne na kanka sai ka gyara wannan karkacewar da na'urar auna motsi kafin komai. Na biyu, duk aikin, daga karanta ɗigo zuwa tankaɗe, dole ya ƙare kafin juyi na gaba ya iso. Ka auna shi a kan kwamfutar da za ta hau motar, ɗauka ɗaya-ɗaya, ka duba mafi jinkiri ba matsakaici ba. Fitar da ragar zuwa tsarin fayil na ONNX, ka wuce da ita manhajar ƙara sauri ta TensorRT da lambobi masu rabin nauyi, sannan ka sake awon mataki na 8 don ka ga abin da saurin ya ci.

Akwati a ɗauka ɗaya kuma ba shi ne ƙarshen zance ba, sai an bi sawunsa daga juyi zuwa juyi. A daren 18 ga Maris 2018, motar gwaji ta Uber ta kaɗe wata mata tana tura keke a Tempe ta jihar Arizona, ta rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa na'urorin sun hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karo. Amma manhajar ta riƙa sauya mata nau'i, yanzu mota, an jima keke, an jima wani abu daban, kuma duk sauyi sai ta watsar da tarihin motsinta ta fara daga farko. Har lokaci ya ƙure ba ta gane cewa matar titi take tsallakawa ba.

Awon KITTI na mataki na 8 ba zai taɓa nuna maka irin wannan ba, domin ɗauka ɗaya-ɗaya yake dubawa. Don haka ka sauke sashen bin sawu na KITTI, mai jerin ɗauka a jere, ka gudanar da ragarka a kai. Ga kowane mutum da mai keke, rubuta nisan da aka fara ganinsa, sau nawa ya ɓace ya dawo, da sau nawa nau'insa ya sauya. A manhajar bin sawun kuma ka haɗa akwatin yanzu da na baya bisa wuri da gudu, yadda ko sunan abin ya sauya tarihinsa zai ci gaba. Duk tarin ɗigon da ke tsaye a kan hanya wanda raga ba ta ba shi suna ba, ka miƙa shi ga sashen tuƙi a matsayin cikas.